Ƙanwata, ga amsar tambayarki kan makarantun da kuka gani a fim

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, ina taya ki murnar samun gurbin digiri na uku a nan New York, Allah ya sanya albarka. Zancen biza da kuɗin haya mu bar shi sai mun yi waya. Abin da na ga ya hana ki barci shi ne yaron. Kin ce shekararsa 14, kin ce ke da maigidan kun kalli wasu tsofaffin finafinai, Class of 1984 da The Substitute da wanda Samuel L. Jackson ya fito a malamin da ɗalibi ya caccaka wa ƙarfe a baya, kuma tun daga ranar maigidan ya kafe a kan gara a bar yaron wajen Hajiya a Kaduna. Kika ce tunda ina koyarwa a sakandaren gwamnati a Bronx, ɗaya daga cikin yankunan birnin nan, in faɗa miki tsakani da Allah ko haka abin yake.

Ba haka yake ba. Amma finafinan ba daga sama suka faɗo ba, kuma in kin san inda suka samo asali za ki san wanne tsoro za ki ajiye, wanne za ki riƙe.

Kakansu duka shi ne Blackboard Jungle na 1955, inda Sidney Poitier ya fito a ɗalibi yana saurayi. Tun a lokacin hoton ya ba manyan Amurka kunya, har jakadiyarsu a Italiya, Clare Boothe Luce, ta nuna ƙin amincewa da a haska shi a bikin finafinai na Venice, aka kuwa janye shi. Daga nan aka samu zubin da ake ta maimaitawa har yau. Sabon malami zai zo da kyakkyawar niyya, ya tarar da shugaban makaranta ko matsoraci ne ko maci amana, 'yan sanda su ce ba yadda za su yi tunda yara ne, 'yan daba su taɓa matar malamin, shi kuma ya ajiye alli ya ɗauki makami. Ki sake tuna waɗanda kuka kalla, za ki ga labari ɗaya ne, 'yan wasa kawai ake canzawa.

Class of 1984 ɗin da ya fi tayar wa maigidan hankali a 1982 ya fito, kuma ba ma a Amurka aka ɗauke shi ba, a Toronto ta Kanada ne. Ni ina son fim ɗin, ban ɓoye miki ba. Akwai wurin da malamin kimiyyar halittu, bayan yaran sun yanka masa dabbobin da yake kiwo a ɗakin gwaji, ya shigo aji da bindiga yana nuna ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambaya, sai ga waɗanda ba su taɓa buɗe baki ba suna ba da amsa jiki na rawa. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban ajin da ya ƙi saurarensa zai yi dariya a wurin nan, ya kuma ji kunyar dariyar. Irin wannan ne ya sa fim ɗin ya yi ta yawo a kaset shekara da shekaru, masoyansa ba sa gajiya da shi. Amma ki san wanda ya shirya shi, Mark Lester, da ya tashi yin ci gabansa a 1990, malaman da ya kawo mutum-mutumi ne na yaƙi da aka sa musu rigar koyarwa. The Substitute na 1996 kuwa sojan haya ne ya yi shigar malami a Miami, ya gano shugaban makarantar ne ke safarar hodar iblis a motar ɗaukar ɗalibai, aka ƙare da ruwan harsashi a cikin makaranta. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin labarin makaranta, kamar baƙo ne ya kalli finafinan daba biyu na Kannywood ya rantse ba zai kwana a Kano ba.

Inda gaskiyar take shi ne zamanin. Daga tsakiyar shekarun 1980 wani nau'in hodar iblis mai araha da ake kira kirak ya mamaye unguwannin talakawa na manyan birane, yara ƙanana suka shiga dillanci, bindiga ta yi yawa a hannunsu. A 1990 kaɗai an kashe mutum 2,245 a birnin nan. A Fabrairun 1992 wani ɗalibi ya harbe ɗalibai biyu har lahira a barandar sakandaren Thomas Jefferson da ke Brooklyn, a safiyar da ake jiran zuwan magajin gari David Dinkins. Masu fim sun ga tsoron da ke zukatan mutane, suka sayar musu da shi. To amma an wuce wurin. A 2017 kisan kai a birnin bai kai 300 ba, kuma ko da ya ɗan hau bayan korona bai je ko kusa da na da ba. Ita kanta Jefferson an rufe ta a 2007. A zamanin magajin gari Bloomberg aka bi manyan makarantun nan masu dubban ɗalibai, irin su Taft da Roosevelt da Evander Childs a nan Bronx, aka rarraba kowacce zuwa ƙananan makarantu a cikin gini ɗaya, kowacce da shugabanta da 'yan ɗaruruwan ɗalibanta. Ana ta gardama kan ko hakan ya gyara karatu, amma a irin wannan makaranta malami ya san fuskar kowa, kuma yaro bai isa ya ɓace wata guda ba a lura ba.

Finafinan da suka fi ba ni haushi ma su ne masu cewa labarinsu gaskiya ne. Dangerous Minds na 1995 daga littafin wata malama LouAnne Johnson aka ɗauko shi, makarantar kuwa a Belmont take, garin masu hali a Kalifoniya, ana kwaso yaran a bas daga wata unguwar talakawa. Ɗalibin da aka kashe a fim ɗin, ita da kanta ta ce ba a kashe shi ba, masu fim ne suka ƙara don a yi kuka. Shi kuma Joe Clark na fim ɗin Lean on Me, shugaban sakandaren Eastside a garin Paterson na jihar New Jersey da ke maƙwabtaka da mu, da gaske ya yi yawo da sandar ƙwallo da lasifika, da gaske ya kori ɗalibai wajen 300 a tashi ɗaya. Fim ɗin bai bi yaran nan ya nuna mana inda suka ƙare ba.

Bari in gaya miki abin da ido zai gani da safe a gini irin namu. Ƙarfe bakwai da rabi layi ya miƙe har bakin titi, ko ana dusar ƙanƙara. Kowane yaro zai cire belet, ya zube makulli da tsabar kuɗi, ya tura jakarsa cikin na'urar haska kaya irin ta filin jirgi, ya wuce ta ƙofar da ke ƙara in ta ji ƙarfe. Masu tsaron suna ƙarƙashin hukumar 'yan sandan birni tun 1998, amma ba sa riƙe bindiga, kuma da yawansu mata ne iyaye, za ki ji suna tsokanar yaro kan ya makara. Ba kowace makaranta ke da wannan binciken ba, mafi yawa ma ba su da shi. Da an wuce ƙofa kuwa, abin da ke cin ran malami shi ne yaro ya kifa kai a tebur yana barci don ya yi aiki a kanti har dare, ko ba a yi aikin gida ba, ko rashin kunyar da za ki ji kamar ki haɗiye zuciya. Ana dambe, ana kama wuƙa jefi-jefi. Amma gungun 'yan daba su ƙwace makaranta su mai da malamai bayinsu, wannan sai a allo.

Sau huɗu a shekara doka ta ce mu yi atisayen kulle kai. Sanarwa za ta fito ta lasifika, in kulle ƙofa, in kashe fitila, yara su tattaru su durƙusa a kusurwar da ba a hango ta daga gilashin ƙofa, kowa ya yi tsit. Ki shirya yaron, ranar farko abin yana da firgitarwa. Sai dai ki lura, harbe-harben da suka jawo wannan ba a unguwannin da fim ke nunawa suka faru ba. Columbine a 1999, Sandy Hook a 2012, Parkland a 2018, duk garuruwa ne na rufin asiri inda iyaye suka gudu don neman kwanciyar hankali.

Tsoron da nake so ki riƙe yana waje, tsakanin tashi daga makaranta da dawowarki gida. Dabar yanzu ba manyan ƙungiyoyi masu riga iri ɗaya ba ce kamar a fim. Yawanci yaran layi ɗaya ne ko na rukunin gidajen gwamnati ɗaya, suna gaba da na layin gaba, faɗan ya fara da zagi a Instagram ko a waƙa, ya ƙare a tashar jirgin ƙasa ko bakin shagon kwana. A Yunin 2018 'yan wata ƙungiya sun jawo wani yaro mai shekara 15 daga cikin shago a nan Bronx suka sassare shi da adda cikin dare, alhali ba shi suke nema ba, kama ce kawai. Unguwa ta girgiza, an kuma yanke wa waɗanda suka yi hukunci mai tsanani. Irin wannan ba kullum ba ne, amma shi ya sa nake cewa yaron da ba shi da inda za shi daga ƙarfe uku zuwa shida, uwa tana ɗakin karatu uba yana aiki, shi ne abin dubawa. Ki sa shi ƙwallo ko wani darasin yamma a makarantar, kyauta ne. Masallatan mutanenmu na Ghana da Nijar da Najeriya suna nan birjik, da islamiyyar Asabar da Lahadi. Kuma ki san abokansa da sunansu, ki san iyayensu.

Akwai wata illar finafinan nan da ba a cika faɗa ba, ita ce ta fi damuna. Ban da Class of 1984 da 'yan dabarsa fararen fata ne, yawancinsu suna koya wa mai kallo ya ji tsoron yaro baƙi ko ɗan asalin Latin Amurka. Mutanenmu suna sauka da wannan a ka, su ce wa 'ya'yansu kada su kula baƙaƙen Amurka. Ƙanwata, ranar da ɗanki ya sa riga mai hula ya shiga jirgin ƙasa, ba wanda zai san daga Kaduna yake, ba wanda zai san uwarsa na digiri na uku. Mai gadin kanti da ɗan sanda da tsohuwar da za ta matse jakarta, duk sun kalli finafinan da kuka kalla, kuma shi ne yaron da aka nuna musu. Don haka ki koya masa yadda ake magana da ɗan sanda: hannu a fili, ba gudu, ba gardama, ya nemi a kira ki. Kada kuma ki raba shi da yaran da za su fi kowa fahimtar halin da zai shiga. Za su tsokane shi kan harshensa a watannin farko, wannan babu makawa, amma cikin ajina na sha ganin wanda ya fara tsokana shi ne ya koma aminin.

Kan shiga makaranta, a mafi yawan Amurka adireshin gidanki ne ke zaɓa wa yaro makaranta, shi ya sa in kin yi tunanin zama a New Jersey sai ki binciki makarantar unguwa kafin ki sa hannu a takardar haya. A cikin birnin New York sakandare ba haka take ba, zaɓa ake yi. Sabon zuwa zai je ofishin karɓar iyalai na hukumar ilimi, su nuna masa inda akwai gurbi. Kada ki karɓi ta farko don kunya. Hukumar tana wallafa bayanin kowace makaranta a intanet, da yawan masu kammalawa da abin da ɗalibai suka ce game da tsaro, kuma kina da damar ki je ki gani da idonki. Ni in na je, banɗaki nake fara leƙawa, sannan in tsaya a baranda lokacin canjin darasi in ji yadda manya ke yi wa yara magana. Akwai makarantu na musamman don baƙin da Turancinsu bai nuna ba, amma naki da ya yi karatu da Turanci ba lallai ya buƙace su ba, kada a tura shi can don kawai an ji daga Afirka yake. Karatu kyauta ne, abincin rana kyauta ne ga kowa tun 2017, kuma tun 2015 ana rufe makarantun birnin ranar Ƙaramar Salla da Babba.

A shekararsa aji tara zai shiga, wato ajin farko na sakandare a nan. Ki taho da katin rigakafinsa cikakke, da takardar haihuwa, da sakamakon jarrabawarsa na shekaru biyun baya mai hatimin makaranta, don da shi za su san ajin lissafin da za su sa shi. Shawarata ki zo da shi. Ki ba maigidan wannan ya karanta, in yana da sauran tambaya ya kira ni ranar Lahadi bayan azahar ɗinku. Ki gaishe min da Hajiya, ki ce ina nan tafe da ban haƙuri kan ɗauke mata jika.