Bello ba mahaifin Sardauna ba ne

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce a ajinku an yi gardama: wasu na cewa Bello shi ne mahaifin Sardauna, wato Ahmadu Bello, wasu na cewa tunda jinin Shehu ne, me ya hana shi zama Sarkin Musulmi. Tambayar biyu ce, amma igiyarsu ɗaya, sai an san yadda muke ƙirga asali kafin a warware ta.

Fara da ƙirgen, da yatsu. Ahmadu ɗan Ibrahim Sarkin Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ka ga Ibrahim jikan Bello ne, Ahmadu kuwa tattaɓa-kunnensa. In ka ji ana cewa "jikan Shehu", ba ƙarya aka yi ba, a bakinmu duk wanda ya fito daga tsatson mutum jikansa ne komai nisa. Amma a takarda kada ka rubuta haka sai ka jera iyayen.

Inda mutane ke zamewa shi ne a kan Atiku, domin su biyu ne. Akwai Abubakar Atiku ɗan Shehu, ƙanen Bello, wanda ya yi sarauta daga 1837 zuwa 1842. Akwai kuma Abubakar Atiku ɗan Bello, mai sarauta daga 1873 zuwa 1877, wanda ake ƙara wa "na Rabah" don a bambanta. Wanda ya haɗa su sai ya ɗauke Sardauna daga gidan Bello ya kai shi gidan Atiku, alhali a Sakkwato wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, gidaje biyu ne da suka daɗe suna karɓa-karɓar gadon. Duk sanda ka ci karo da suna iri ɗaya a salsala, nemi abu uku: sunan uba, garin da mutum ya zauna, da sarautar da ya riƙe. Ɗaya daga ciki zai raba maka gardama.

To sunan Bello fa? Yana yaro Ahmadu Rabah ake kiransa, da sunan garin haihuwarsa, haka kuma ya shiga Kwalejin Katsina a 1926 ya fito a 1931. Mu ba mu da sunan dangi da ake gada irin na Turawa. Da makarantar boko ta zo tana neman suna biyu a rajista, yaro kuma yana jin nauyin furta sunan mahaifinsa gatsau a gaban mutane, sai sunan gari ya cike gurbin. Daga nan ka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano, Isa Kaita, Shehu Shagari. Daga baya Ahmadu ya ɗauki sunan kakan mahaifinsa, kuma a ganina zaɓi ne na mai sanin abin da yake yi: Rabah gunduma ce, Bello kuwa gida ne da duk ƙasar Hausa ta sani. Shi kansa Bello laƙabi ne, sunan yanka Muhammadu, kamar yadda Fodiyo laƙabin malanta ne a Fillanci da aka yi wa mahaifin Shehu.

Yanzu batun gado. Asali ta wajen uba ake binsa, kuma abin da yake ba ka shi ne ka shiga sahun waɗanda za a duba, ba kujerar ba. Ba dokar ɗan fari a sarautar Sakkwato. In Sarkin Musulmi ya rasu, masu zaɓen sarki ke zama, Waziri a gaba, da irin su Magajin Gari, Magajin Rafi da Galadiman Gari. Su ba 'ya'yan sarki ba ne, ba sa neman gadon, shi ya sa aka ba su amanar. Suna duba gida, shekaru, ilimi, hali, da wace sarauta mutum ya riƙe ya kuma riƙe ta yaya. A zamanin Turawa sai Razdan ya sa baki, Gwamna ya tabbatar.

Da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu a 1938, Ahmadu yana Sarkin Rabah, shekara huɗu kenan da naɗa shi, bai kai talatin ba. Ya nema. Aka ba Abubakar, wanda ya girme shi, ɗan ɗan'uwan marigayin, jikan Sarkin Musulmi Mu'azu ɗan Bello. Lura da kyau, duka biyun gidan Bello ne, ɗaya ta Mu'azu, ɗaya ta Atiku na Rabah, saboda haka ba asali ne ya raba su ba. Abubakar shi ke riƙe da Sardauna a lokacin, da ya hau sai rawanin ya koma kan Ahmadu, aka tura shi Gusau ya kula da gabashin ƙasar. Al'ada ce tsohuwa, wanda ya nema bai samu ba a ba shi babbar sarauta, a ɗan nisanta shi da fada. Zaman Ahmadu da sabon Sarkin Musulmi bai yi daɗi ba da farko, har aka kai ga yi wa Ahmadu shari'a kan kuɗin jangali, wadda ya ɗaukaka ƙara ya yi nasara a Zariya.

Sauran kuwa ƙaddara ce. Kujera ba ta sake zama babu kowa ba a rayuwar Ahmadu: Sarkin Musulmi Abubakar ya yi shekara 50 a kai, har 1988, Sardauna kuma an kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966 yana Firimiyan Arewa.

Abu ɗaya kafin ka koma wa abokan gardamarka. Sardauna sarauta ce, ba suna ba, akwai ta a masarautu da dama, don haka ka riƙa cewa Sardaunan Sakkwato. In kuma za ka tambayi tsohuwa salsalar gidanku, kada ka sa ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ba za ta faɗa ba. Ka kawo sunan kai da kanka, ita ta ce maka e ko a'a. Ka gaida mahaifiyarka.