Hukuncin zuwa matakalan kogin Ganga a Banaras

Tambaya: Malam, ina karatu a Indiya. 'Yan ajinmu sun shirya zuwa Banaras ganin matakalan dutse na bakin kogin Ganga, inda Hindu ke wanka da bauta. Ya halatta in bi su?

Amsa: Bismillahi. Ɗana, zuwan kansa bai haramta ba, muddin kallo da lura suka kai ka. Allah Ya ce a yi tafiya cikin ƙasa a duba. Matakalan nan sun haura 80, kuma hanya ce ta kowa: masu kwalekwale, wankau, 'yan tireda. Musulmi masaƙa sun daɗe a garin, har akwai masallacin Alamgir a saman matakalar Panchganga. Amma in ka ƙulla niyyar neman albarkar wurin, hukunci ya juya, domin ba a ɗaura sirdi don ibada sai zuwa masallatai uku: na Makka, na Madina da na Ƙudus.

Inda nake ja maka kunne shi ne almuru. A matakalar Dashashwamedh kullum ana ɗaga fitilu da turare ana kaɗa ƙararrawa ga kogin, wanda suke ɗauka abar bauta. Baƙi na cewa wasa ne mai kyawun kallo, masu yi kuwa ibada suke. Kada ka zauna musu. Suratul Furƙan ta yabi waɗanda ba sa halartar ƙarya. Za a miƙo maka fitilar fure ka saka a ruwa, ko a nemi shafa maka ja a goshi, ko a ba ka alewar da aka gabatar wa gunki. Ka ƙi cikin ladabi, ban da zagi, don Suratul An'am ta hana zagin abin da suke bauta wa.

A matakalar Manikarnika ana ƙone gawa dare da rana. Mai da waya aljihu, masu makoki ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe wa gawar Bayahude, ya ce ashe ba rai ba ce?

Ruwan kuwa, bautar da ake masa ba ta najasta shi ba. A mazhabar Malik alwala ta inganta da shi in launi, ɗanɗano ko warinsa bai sauya da ƙazanta ba. Ni dai da famfon masallaci zan yi, kada wani ya zaci wankan tsarkinsu nake.

In ka san kunyar abokai za ta hana ka cewa a'a, yi zamanka. Wallahu a'alam.