Koton roba nawa mai fatsa yake buƙata a kogin Yamai?

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce yayanka da ke Faransa zai aiko maka da kayan fatsa, ya ce ka rubuta masa abin da kake so, kai kuma ka ga Turawa a bidiyo da akwati mai hawa uku maƙil da kifin roba kala-kala, shi ne kake tambaya ko guda nawa mutum yake amfani da su da gaske. Tun da ba ka faɗi inda za ka riƙa jefawa ba, na ɗauka nan kogin Yamai ne, tsakanin Gudel da Saga, ko ka ɗan haura Bubon ranar Lahadi. A kan haka zan amsa maka.

In dai koton ƙarya ne, wato kifin roba da cokali (guntun ƙarfe mai walƙiya mai siffar cokali) da danginsu, shida sun ishe ka, kuma a cikin shidan ma biyu ne za su riƙa shan ruwa kullum. Sauran rakiya suke yi. Duk wanda na sani da ya daɗe a bakin kogin nan, in ka ce ya buɗe jakarsa, za ka ga akwai guda biyu da fenti ya goge a jikinsu, haƙori ya yi masu zane, an canja masu ƙugiya ba sau ɗaya ba. Sauran kuwa suna nan fes kamar jiya aka sayo su.

Dalili na farko shi ne kifin namu. Yawancin abin da ke kogin nan ba ya bin roba. Karfasa tana take so, ko ƙullin dusa. Tarwaɗa da ƙurungu da gashin baki suke kiwo, wari suke bi a ƙasan ruwa, galibi daga magariba zuwa dare, shi ya sa hanjin kaza da ya ɗan kwana ya fi duk wani abin da aka ƙera a masana'anta. Har guntun sabulu masunta suna sa wa tarwaɗa, kuma tana ci. Kawara kuwa ka ba ta fara ko shinge lokacin da ya fito bayan ruwan fari. Masu farautar ɗan'uwansu kifi da ido, waɗanda za su kai wa abin da ke gudu cafka, su ne giwan ruwa da tsage, sai ragon ruwa wani lokaci in abin ya bi ta gaban hancinsa a hankali. To ka ga akwatin nan mai hawa uku, kifi biyu ko uku kawai zai yi wa aiki.

Na biyu, ruwan kansa. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara, kuma cikar ba iri ɗaya ba ce. Ta damina, wajen Agusta da Satumba, ruwan Sirba da Dargol da Gorwal ne yake gangarowa daga ɓangaren Burkina da jar laka, ka sa hannunka ba ka ganin yatsunka. A wannan ruwa, launin kifin roba ba ya da wani amfani, kifi ba ya ganinsa sai ya kusa cin karo da shi. Abin da ke aiki shi ne mai motsi da ƙara, ko kuma ka haƙura ka koma wa koto na gaskiya. Cika ta biyu ita ce ta ruwan da ya taso daga duwatsun Gine, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mana a Disamba da Janairu. Wannan ya riga ya zubar da lakarsa a hanya, ya fi tsabta. Daga nan, ruwa yana ja da baya har zuwa Mayu da Yuni, duwatsu suna fitowa, kifi yana taruwa a gurbi, shi ne lokacin da koton ƙarya yake biyan kuɗinsa. Kusan rabin shekara ke nan. Sauran rabin, yana cikin jaka.

Ga shidan da nake nufi. Kifin roba mai tauri, mai leɓe a gaba wanda ke sa shi nutsewa in ana jawo shi, guda biyu: ɗaya mai ɗan gajeren leɓe da ke tafiya kusa da saman ruwa, ɗaya mai dogon leɓe da ke sauka mita uku ko huɗu. Tsawonsu santimita 11 zuwa 14. Kada ka ji tsoron girma, bakin giwan ruwa faɗi gare shi, ɗan kilo biyu ma yana haɗiye wannan. Launi kuwa, ɗaya ya zama fari mai walƙiya irin na kawara, ɗayan mai ruwan ɗorawa ko ja-ja saboda ranar da ruwa ya ɗan gurɓace. In na kamfanin Rapala zai saya to madalla, sun daɗe a sana'ar, tun 1936 wani masunci ɗan Finlan ya sassaƙa na farko da wuƙa, amma kada ya takura kansa a kan suna. Sai cokali biyu, mai launin azurfa da mai launin tagulla, giram 15 zuwa 25, saboda tsage. Cokali ƙarfe ne zalla, haƙori ba ya yi masa komai, yana tafiya nesa in ka jefa ko da iskar hunturu tana busowa, kuma shi ya fi arha. Na biyar ɗan ƙaramin mai farfela da ke juyawa, irin na Mepps, lamba 3, don ƙananan tsage a inda ruwa ke gudu tsakanin duwatsu. Na shida roba mai laushi da kan dalma, wadda ake saukewa har ƙasa ana ɗagawa ana saki.

Wannan ta shidan ina da magana a kanta. A bidiyo ita ce sarauniya, kuma gaskiya tana kama kifi. Amma ba don zafinmu aka yi ta ba. Ka bar ta a ƙarƙashin kujerar moto a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ka dawo ka tarar sun manne da juna, jar ta rina farar, wata ma ta ci jikin akwatin roban da ka sa ta ciki ta yi masa rami. Dole ka bar su a ledarsu ta asali, kowane launi daban. Wadda ta tsira daga rana kuma talibambam yana jiranta a ruwa. Ɗan kifin nan mai kumbura ciki, haƙoransa kamar almakashi suke, zai gutsure wutsiyar ya bar maka gangar jiki, ba ka ma ji ya taɓa ba. Leda ɗaya ta isa, kada a cika maka jaka da su.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, alhali shi ne yake ƙarewa. Ƙugiya, dalma, zare. Ƙasan kogin nan ba shara ake yi masa ba. Akwai dutse, akwai itacen da ambaliya ta kawo, akwai tsummokaran taru da kalli da aka yar, ga ledoji, ga kainuwa da ke tafe tuli-tuli ta naɗe zare. Mai jefa koto a ƙasa zai iya rasa ƙugiya biyar a yini ɗaya ba tare da ya yi wani ganganci ba. Saboda haka ƙugiya ba a sayenta ɗai-ɗai, kwali ake saye, mai ɗari, irin na Mustad da masunta suka sani. Girma uku sun wadatar: ƙanana, lamba 8 zuwa 12, na karfasa da kawara, matsakaita, daga 1 zuwa 2/0, na tarwaɗa da ragon ruwa, sai manya 5/0 ko 6/0 kaɗan, don ranar da za ka soka ɗan karfasa mai rai ka jira giwan ruwa. Lambar tana hawa ƙugiya tana ƙanƙancewa, sai in an ƙara mata sifili a baya, sannan abin ya juya. Kuma kowane kamfani da nasa awon, don haka ka riƙa dubawa da ido.

Dalma kada ka bari a ɗauko maka ita a jirgi, nauyin banza ne. Ka shiga kasuwar Katako ka nemi tsofaffin noti da bujin moto da suka mutu. In dutse ya riƙe buji, ba za ka kwana kana tunaninta ba. Ka ɗaure ta da zaren da ya fi na ƙugiya rauni, yadda in ta maƙale ita kaɗai za ta tsinke ta bar maka sauran. Abin yawo a saman ruwa kuma guntun silifa ya isa.

Inda ya kamata kuɗin yayanka ya tafi shi ne zare da muline, wato abin naɗe zare da ke jikin sanda. Muline ɗaya mai kyau, wanda birkinsa ke sakin zare sumul ba da fizga ba, domin giwan ruwa in ya ji ƙugiya sai ya yi tsalle ya girgiza kai da baki buɗe, sannan ya nufi dutse, a nan ne mai arha yake cije wa mutum. Zaren lailon mai kaurin milimita 0.25 na ƙananan kifi, 0.40 ko 0.45 na manya, da ɗan ƙulli na 0.70 da za ka ƙara kamu ɗaya a gaba, tun da gefen kumatun giwan ruwa kaifi gare shi. Tsage kuwa lailon ba ya tsaya wa haƙorinsa, sai siririyar waya taƙi ɗaya. Lailon yana mutuwa a rana, ya yi fari ya yi gautsi, don haka wanda ya shekara a kan muline ka zubar ko da bai taɓa kama komai ba. Ka haɗa da majuyi guda ashirin saboda cokali yana murɗe zare, da ƙugiya mai baki uku ta canji, da filaya mai dogon baki. Filayar nan ba ado ba ce. Wanda ya taɓa sa yatsa a bakin tsage, ko ƙayar ƙurungu ta shige masa tafin hannu, ba sai an yi masa bayani ba.

Wani zai ce ai Sarkawa ƙugiya ɗari-ɗari suke zubawa a mamari. Haka ne, amma su abinci suke nema, igiya ɗaya ce suke shimfiɗawa ta kwana tana aiki. Kuma ka lura, ƙugiyoyin nan duk iri ɗaya ne. Ba yawan kala suke taƙama da shi ba, sanin gurbi ne, da sanin ranar da ruwa ya fara ja. Mu masu sanda ne muke da cutar canje-canje. Mutum ya jefa sau uku bai ji komai ba, ya zauna ya kwance ya ɗaura wani, ya sake jefawa uku ya sake zama. Lokacin cin giwan ruwa gajere ne, daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana, shi kuwa rabin wannan lokacin kansa yana cikin akwati. Ni abin da nake yi, in na share kamar minti ashirin a wuri ba labari, zurfi nake fara canjawa, sannan saurin jawowa, sannan in tashi daga wurin gaba ɗaya. Launi shi ne na ƙarshe da nake taɓawa.

Akwai kuma wata illa ta tara masu tsada: tsoron asara. Wanda ya san kuɗin kifin robansa ya kai na kwalin ƙugiya sukutum ba zai yarda ya jefa shi gindin dutse ba, alhali nan ne giwan ruwa yake fako. Sai ya yi ta wanke shi a fili inda ba kowa. In kuma ya maƙale, sai ka ga mutum ya tuɓe riga zai shiga ciro shi. Kada ka yi. Ruwan gefe mai kwanciya shi ne gidan tsargiya, gurbin da ke da kifi kuma yakan fi yadda ido ya auna zurfi, ga dorina da ba ta sallama. Ka ba mai jirgi wani abu ya zagaya ta can gefe ya fizgo maka, sau da yawa yana fita.

Saboda haka in ka tashi rubuta wa yayanka, shidan nan ka ce ya ƙara yawan guda biyu daga ciki: mai dogon leɓe fari da cokalin azurfa, kowanne ya sayo uku iri ɗaya, domin su ne za su fara ɓacewa. Sanda ta zama mai gaɓa biyu, mita 2.70, tana hawa moto. In kuɗi ya yi saura, ya ƙaro zare. Kafin kayan su iso ka sayi ƙugiya ta nan, ka haƙo tana a lambunan Gamkalle, ka fara koyon inda duwatsun suke tun ruwa bai rufe su ba.