Tambaya da amsa: Furannina ba sa wuce kwana uku, ko dai in koma na roba?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, barka da aiki. Dan Allah tambaya gareni akan furannin nan na gaske da ake yankowa a saka a ruwa. Ni dai ina son su sosai amma duk sanda na samu, kwana biyu zuwa uku sai in ga sun langaɓe, ruwan ya fara wari, ƙarshe in kwashe in zubar. Maigidana cewa yake ɓarnar kuɗi ce in sayi na roba in huta, wata ƙawata kuma ta ce wai suna shanye iskar ɗaki da daddare. Shin suna da wani amfani bayan ado? kuma ya zan yi su daɗe?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in fara da maganar ƙawarki dan ita tafi sauƙi. Eh fure yana numfashi, yana jan iskar oksijin dare da rana, amma abinda damin fure guda yake ja bai kai ko kusa da abinda mutum ɗaya da ke kwance a ɗakin yake ja ba, in har baki taɓa korar kowa daga ɗaki dan kar ya shanye miki iska ba to ki bar furen ma ya kwana. Haka masu cewa yana tace iska, suma ki bar su. Maganar ta samo asali ne daga wani gwaji da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 1989, shi kuwa da tsirrai masu saiwa a tukunya aka yi shi, a cikin akwatuna rufaffu, ba da yankakken fure a falo ba. Buɗe taga yafi wannan aiki nesa ba kusa ba.

Amfanin fure na gaskiya a zuciya yake. A 2005 wata farfesa a jami'ar Rutgers mai suna Jeannette Haviland-Jones da abokan aikinta sun wallafa wani bincike, an riƙa kai wa mata kyauta har gida, wasu fure, wasu kyandir, wasu kwandon kayan marmari, ana lura da fuskokinsu. Waɗanda aka miƙa wa fure duk sun yi murmushin nan na gaske wanda har ido yake tsukewa, kuma da aka sake tuntuɓarsu bayan 'yan kwanaki sun nuna ransu yafi daɗi. Kafin nan, a 1984, wani mai bincike mai suna Roger Ulrich ya duba bayanan marasa lafiyan da aka yiwa tiyata a wani asibiti a jihar Pensilbaniya, ya ga waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun fi saurin barin asibiti kuma basu nemi maganin ciwo mai ƙarfi kamar waɗanda tagarsu ke kallon bangon bulo ba. Wannan kam bishiya ce ba fure ba, kuma ba cewa nake fure magani bane, amma kin ga dai ido yana hutawa da abu mai rai. Ni abinda na lura dashi ma, duk teburin da aka ɗora wa fure ba'a cika jibga masa tarkace ba, mutum da kansa yake jin nauyin ajiye caja da makullai da takardu a gefensa.

Toh mu zo kan babbar maganar. Yawancin furen da yake mutuwa a kwana uku ƙishirwa ce take kashe shi, alhali yana tsaye tsamo-tsamo cikin ruwa. Karan fure cike yake da 'yan siraran bututu, dasu yake zuƙo ruwa ya kai sama, kuma abu biyu ne suke toshe su: iska da ƙwayoyin bakteriya. Da zarar an yanke kara an bar shi a waje sai iska ta shige bakin bututun, wajen kuma ya bushe. Su kuwa bakteriya a cikin ruwan suke hayayyafa, musamman in akwai ganye da ya nutse yana ruɓewa, warin da kike ji kenan. Ki gwada sa yatsa ki shafa cikin kwalbar bayan kin zubar da ruwan, zaki ji wani santsi kamar yauƙi, ki taɓa ƙasan karan shima haka, ya yi laushi ya yi duhu. Wannan yauƙin shi yake liƙe hanyar ruwa, saman fure yana ta fitar da danshi ƙasa kuma ba abinda yake hawowa, sai ki ga wuya ya karye.

Kuma ki tuna furen da kika saya ba yau aka yanke shi ba. Wardi da yawa da ake sayarwa a duniya daga gonakin Kenya suke fitowa wajen tafkin Naibasha, ko Habasha, ko Kolombiya da Ekwado, a loda su a jirgi cikin sanyi, wasu ma sai sun bi ta babbar kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a ƙasar Holan kafin a rarraba su. Kafin ya iso hannunki ya sha tafiya, a galabaice yake, dan haka awar farko da shigowarsa gida tafi komai muhimmanci.

Kwalbar zaki fara wankewa, da sabulu da ruwan zafi, har ƙasa, ba ɗauraya kawai ba. Ni ƙa'idata itace in ba zan iya shan ruwa da ita ba to bata wanku ba. Sai ki tsige duk ganyen da zai shiga ruwa, na sama ki bar su. Sannan ki yanke ƙasan kowane kara kamar santimita 2 zuwa 3, a karkace, da wuƙa mai kaifi ko almakashin lambu. Dakusasshen almakashi murƙushe karan yake yi ya matse bututun, gara ma ba'a yanka ba. Karkacewar kuma dan kar bakin karan ya zauna daram a ƙasan kwalba ya toshe kansa ne. Kina yankewa kina tsomawa, kar ki yanke duka ki ajiye ki tafi amsa waya ki dawo. Masu cewa a daddaka ƙasan kara da guduma dan ya sha ruwa, tsohon yayi ne, abinci kawai kike haɗa wa bakteriya.

Ɗan ƙunshin garin nan da ake maƙalowa a jikin damin, dan Allah kar ki yar, mutane da yawa a shara suke jefa shi tare da leda. Abu uku ne a ciki: sukari da zai ciyar da furen tunda an raba shi da uwarsa, wani abu mai tsami da yake sa ruwa ya fi saurin hawa, da kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta. In babu, zaki iya haɗa naki, a ruwa lita 1 ki zuba babban cokali 2 na ruwan lemun tsami, babban cokali 1 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na bilic ɗin wanki. Kowanne a cikin ruwan zaki zuba shi, kar ki haɗa bilic da abu mai tsami kai tsaye dan yana tada iskar kulorin mai cutarwa. Kuskuren da na fi gani shine a zuba sukari zalla, toh kin ga an yiwa bakteriya walima kenan, gara ruwa tsura mai tsafta akan haka. Zancen jefa kwabo ko asfirin kuma ni ban ga ya kai wannan haɗin ba.

Bayan nan sai canjin ruwa duk bayan kwana biyu, in ana zafi kullum. Canji nace ba ƙari ba, a zubar, a wanke kwalba, a sake ɗan rage ƙasan kara, duk wanda ya mutu a cire shi dan kar ya jawo wa sauran. Minti biyar ne. Akwai ma wani dalilin da yasa bana son ruwa ya daɗe, sauron Aedes mai yaɗa zazzaɓin dengue yana son yin ƙwai a irin wannan kwantaccen ruwa na cikin gida.

Wajen ajiya shima yana kashe fure. Kowa so yake ya sa shi a bakin taga rana ta haska shi, amma yankakken fure ba shuka bane, rana gaggauta masa tsufa kawai take yi. Ki nisanta shi da rana, da saitin fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, da saman talabijin ko kusa da murhu. Sai abinda mutane basu cika sani ba, kar ki ajiye shi kusa da 'ya'yan itace masu nuna, irin su ayaba da tuffa, suna fitar da wata iska da ake kira etilin wadda ido baya gani amma tana sa fure ya tsufa ya kakkaɓe, hayaƙin sigari ma yana ɗauke da ita. Furen da ake kira kaneshon yana cikin waɗanda suka fi jin jiki da ita, dare ɗaya sai ki ga ya naɗe kamar mai jin barci. In akwai wuri a firij zaki iya sa su su kwana a ciki matuƙar babu kayan marmari a firij ɗin, sai dai banda irin su okid da anturiyam, su 'yan ƙasar zafi ne sanyi ɓata su yake.

In wardinki ya sunkuyar da kai kar ki yi saurin yarwa. Na sha yi, ki sake yanke ƙasan sosai, ki naɗe shi da takarda tam yadda kan zai miƙe, ki tsoma shi a ruwa mai ɗan ɗumi mai zurfi ki ajiye a wuri mai sanyi na 'yan awanni, sau da yawa kina warware takardar zaki ga ya tsaya cak. In ya daɗe a sunkuye kuwa sai haƙuri.

Sai gargaɗi, wannan kuma da gaske nake. In kina da kyanwa kar furen da ake kira lili ya shigo gidanki, ganyensa, ƙurar furensa, har ruwan kwalbarsa yana iya kashe mata ƙoda, ko lasar jikinta ta yi bayan ƙurar ta zuba mata ya isa. Mai asma ko yawan atishawa ya guji masu ƙamshi mai ƙarfi a ɗakin kwana, kuma kar a bar yara su sa furen saye a baki dan ana fesa musu magani a gona. Ƙurar lili in ta zuba a kaya kar a goga da ruwa, a ɗauke ta da salatif.

Game da maigida kuwa, na roba ba laifi bane, sai dai shima yana tara ƙura kuma ba ƙamshi. Shawarata kar ki fara da wardi ko tulif, su da ma yawanci kamar sati ɗaya suke yi ko da an kula, tulif ma kwana 5 zuwa 7. Ki fara da kaneshon ko kirisantimam ko alstiromeriya, waɗannan da tsaftataccen ruwa suna kai sati biyu, wani lokaci har su wuce. Wajen zaɓa ki ɗauki wanda bai gama buɗewa ba, ganyensa kore shar, ki ɗaga damin ki leƙa ƙasan karan ki kuma shinshina ruwan bokitin da yake ciki, in kin ji wari ki mayar ki duba wani.