Kwalbati mai baki biyu a ƙoramar da akuya ke tsallakewa

Jiya ka tambaye ni, ɗana, don me za mu kashe siminti da rodi har haka, kwalbati mai baki biyu, a ƙoramar da ko akuya tsallake ta take yi. Kai ƙoramar watan Maris ka gani. Ni kuwa ta Agusta nake yi wa gini, ta tsakiyar marka.

Dubi kargon can na bakin gaɓa. Ka ga leda da karan dawa maƙale a reshe, daidai ƙirjinka? Ba iska ce ta kai su ba, nan ruwan bara ya tsaya. Kafin in ɗauki awo shi nake fara nema, sannan in tambayi dattawan gari inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Kuma ruwan ba na nan wurin ba ne kaɗai. In ka bi ƙoramar sama, za ka isa tudun da ruwa ke rabuwa, wani ya gangara can, wani ya gangaro nan. Duk abin da ke wannan ɓangaren, gona, burtali, rufin kwano, ta bakin kwalbatinmu ruwansa zai bi. Yi lissafi: ruwan milimita 10 a hekta guda lita 100,000 ne, jarka 4,000 mai lita 25. To hekta nawa ke sama da mu? Ƙasa mai yashi, wato jigawa, takan shanye nata da yawa. Fako da dutse ba sa sha, gaba ɗaya suke turo shi, da yashi da kututture. Shi ya sa baki biyu: ɗaya ya toshe, ɗaya na aiki.

Daga nan ƙoramar kogin Challawa take faɗawa, a haɗu da kogin Kano, a wuce Wudil a nufi Haɗeja, amma wannan ba namu ba ne, namu na sama ne.

Ina sabon birkila na taɓa sa bututu guda a wata ƙorama irin wannan, don mai aikin ya ce kuɗi sun ƙare. Damina ɗaya ruwa ya ci gefensa, ya bar bututun tsirara a tsakiyar rafi, masu amalanke suna zagayawa suna yi mini Allah ya isa.

Gobe da sassafe ka bi ta sama da ƙafa, ka ƙirgo mini kwazazzaban da ke zuba a cikinta, ka lura wanne ne ke kawo yashi. Ka tafi da ruwan sha, da nisa.