Garin AMT da tramol: haɗin da ke iya kisa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tsinci wani farin gari ƙulle a leda cikin aljihun ɗana mai shekara 19. Da na matsa masa, ya ce sunansa AMT, wai ba ya da illa. Na kuma san yana shan tramol. Mene ne wannan abu? Daga wata uwa a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a. Da farko, ido ba ya gane gari. Sai ɗakin gwaji ne zai tabbatar ko AMT ne.

AMT sinadari ne da ake haɗawa a ɗakin gwaji, daga dangin sinadarai da ake kira tiriptamin. Ƙirarsa ta yi kama da serotonin, sinadarin ƙwaƙwalwa mai daidaita barci, walwala da zafin jiki. A shekarun 1960 an yi amfani da shi a Tarayyar Sobiyet da sunan Indopan don maganin ciwon damuwa, daga baya aka daina. Amurka ta haramta shi a 2003.

Yana kama wata mashiga a ƙwaƙwalwa mai suna 5-HT2A, sai mutum ya riƙa ganin launuka da siffofin da babu su. Yana kuma sa jijiyoyi su kwararo serotonin da dopamin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai sa jin daɗi. A jiki akwai wani sinadari, MAO, mai share serotonin idan ya gama aiki. Ƙirar AMT na ɗauke da ɗan ƙarin reshe da ke hana MAO narkar da shi, shi kuma yana danne MAO ɗin. Shi ya sa mayensa kan kai awa 12 zuwa 24. Ga shi ba ya kamawa da wuri. Yaro ya ga shiru, ya ƙara, duka su taso masa lokaci guda.

Abin da ya fi tayar mana da hankali a wasiƙarki shi ne tramol, domin shi ma yana tara serotonin, kuma yana jawo farfaɗiya. Idan suka haɗu za ki ga zufa sharkaf, ƙwayar ido ta buɗe, ƙafafu na karkarwa, tsoka ta sandare, magana ta rikice. Zafin jiki na iya haura digiri 41, balle a zafin Afrilu na Tawa.

Idan haka ta faru, a garzaya asibiti nan take, tare da ledar garin. Kafin a isa, a kwantar da yaron ta gefe, a rage masa tufafi, a shafa masa ruwa ana fifita. Kada a ɗaure shi ko a danne shi: kokawa na ƙara zafi, ta lalata tsoka, ƙoda ta tsaya. Kada a ɗura masa madara ko a sa shi amai. Parasetamol ba zai sauke wannan zafi ba, don daga tsoka yake fitowa. Ki faɗa wa likita duk abin da ya sha, har tramol ɗin, kada kunya ta hana ki. Da wannan bayani ne zai san ya ba shi diyazefam, maganin kwantar da jijiyoyi da tsoka, da ƙarin ruwa.

Tramol kuwa kada ya yanke shi rana ɗaya. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.