Ita sai ta kalla, shi sai ya ji: yaya zan yi da waya ɗaya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Abla. Muna zaune a Hindawiyya a nan Makka. Ina da 'yan biyu, mace da namiji, duka suna ajin farko na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare. Duk ranar da aka yi ruwa aka dakatar da zuwa makaranta, karatu ya koma Madrasati, dandalin karatu ta intanet na ma'aikatar ilimi, sai gidana ya zama filin daga. Macen takan kalli darasi a waya har sau uku, ta tashi ta gane. Namijin kuwa minti biyar ya fara hamma, amma idan malaminsa ya yi masa bayani baki da baki, nan take ya ɗauke. Maƙwabciyata ta turo mini wani gwaji a WhatsApp, ya nuna wai ita mai koyo da ido ce, shi mai koyo da kunne. In raba musu ke nan, ita bidiyo, shi malami? Wayar ma ɗaya ce.

Maman 'Yan Biyu, Makka

AMSA

Wa alaikumus salam, Maman 'Yan Biyu. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Da na karanta wasiƙarki sai da na yi dariya, don wannan filin dagar na san shi. Tun da aka rufe makarantu ranar 9 ga Maris 2020 saboda korona, aka kawo Madrasati a watan Agustan shekarar, karatun 'ya'yanmu ya zama ruwa biyu. An koma aji, amma wayar ba ta koma inda ta fito ba. Mu nan Jidda hadari yana haɗowa kowa ya zuba ido yana jiran sanarwa. Wannan gaurayen aji da intanet shi Larabawa ke kira ta'alimul mudmaj, kuma da alama zama ya zo yi.

Amsata a taƙaice: kada ki raba musu.

Gwajin da aka turo miki yana da asali. Wani malami ɗan ƙasar Niyu Zilan, Neil Fleming, shi ya fito da irinsa a 1987, ya kasa masu koyo gida huɗu: mai gani, mai ji, mai karatu da rubutu, da mai taɓawa da hannu. Abin ya yi daɗi a baki, ya zaga duniya, mu ma malamai muka rungume shi. Sai a 2008 wasu masana halayyar ɗan Adam huɗu a Amurka, Harold Pashler na gabansu, suka bi binciken da aka yi a kai ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar lallai mutane suna da hanyar da suka fi so, wannan babu musu. Amma hujja mai ƙarfi cewa idan ka koyar da yaro ta hanyar da ya fi so zai fi cin jarrabawa, ba su same ta ba. So daban, amfani daban. Yaro ya fi son alawa, wannan bai sa ta zama abincin rana ba.

Abin da na gani a aji shi ne darasi ke zaɓar hanyarsa. Tajwidi dole sai da kunne, ba wanda ya taɓa gyara gunna da kallon hoto. Taswirar ƙasa dole sai da ido. Alwala sai an zuba ruwa an yi. Idan kin ce wa ɗiyarki ke ta ido ce, ranar da za ta zauna gaban malamar tahfiz kin riga kin ba ta uzurin gazawa. Shi kuma ɗanki, ranar da aka ajiye masa takardar jarrabawa ba wanda zai karanta masa ita. Wannan laƙabin nake tsoro, don yaro yakan sa shi kamar riga ya ƙi cirewa.

To me ke faruwa a gidanki? Sake duba abin da kika rubuta. Kin ce tana kallo sau uku. Ba idon ba ne sirrin, sau ukun ne. Bidiyo ya ba ta abin da aji ba ya iya ba ta: ta tsayar da malami, ta mayar da shi baya, ba ya gajiya, ba kuma ƙawar da za ta yi mata dariya. Mai yiwuwa yarinya ce mai kunya wadda ba ta ɗaga hannu. Shi kuma namijin, malami yana kallon fuskarsa, yana jefa masa tambaya, yana ganin inda ya ɓace ya komo da shi. Waya ba ta san ya yi hamma ba. Ita lokaci take bukata, shi kuma mai tanka masa.

Akwai kuma wani abu da nake so ki bincika kafin komai. Na taɓa koyar da wani yaro lissafi a gida, na yi wata biyu ina cewa ai wannan ɗan kunne ne, saboda duk abin da na faɗa ya kama, duk abin da na rubuta ya yi zuru. Wata rana na miƙa masa littafin na ce karanta mini tambayar da ƙarfi. Ya sa yatsa a ƙarƙashin layin yana jan kalmomin kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Ashe ba lissafi ne ya kayar da shi ba, fusha ce, wato Larabcin littafi. A gida Hausa, a layi Larabcin Hijaz, a littafi wani Larabcin daban. Na ji kunyar kaina ranar. Don haka yau da dare ki ba ɗanki shafi ɗaya ya karanta miki a bayyane, ki saurara. Ki kuma kai shi a duba masa ido, rubutun waya ƙanana ne.

Yanzu ga yadda za ki ci moriyar gaurayen. A 2007 wasu malaman kimiyya biyu a jihar Kolorado, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka fara naɗar darussansu saboda ɗaliban da ke rasa aji. Daga baya suka juya abin gaba ɗaya: bayani a kalla a gida, lokacin aji a bar shi ga tambaya da aiki. Ke ma za ki iya yin ƙaramin irinsa. Darussan Ain, tashar darussa ta ma'aikatar ilimi, suna nan a YouTube, aji aji, kyauta. Bayan la'asar su zauna tare su kalli darasin gobe, ba na jiya ba, minti goma kawai. Sai a kife wayar. Macen ta yi wa ɗan'uwanta bayani da bakinta, da Hausa ma in ta fi sauƙi, shi kuma ya rubuta ko ya zana abin da ta faɗa. Kin ga kowa ya yi aikin da yake gudu. Idan kusur ne, wato lissafin rabi da kwata, ki ajiye musu gurasar tamis ɗaya, ki ce a raba huɗu, a ba ki uku bisa huɗu, sannan a raba kowane yanki biyu a gaya miki nawa ke hannunki yanzu. Kafin su cinye sun san shida bisa takwas da uku bisa huɗu abu ɗaya ne. A ƙarshe kowa ya rubuta tambaya ɗaya da zai kai wa malaminsa da safe.

Kife wayar nan ya fi kallon muhimmanci. Kallo sau uku yakan ruɗi yaro ya zaci ya iya, alhali sabo ne kawai ya yi da muryar malamin. Sai ya faɗa da ka ake sanin abin da ya zauna. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawa a rarrabe ita ke rage mata gudu. Iyayenmu na makarantar allo ba su san sunansa ba, amma yaro ya rubuta, ya biya, ya haddace, a wanke allo, sannan a yi ta tishe. Ranar Alhamis ki tambaye su darasin Lahadi, littafi a rufe.

Batun waya ɗaya kuwa, ranar ruwa darussan kai-tsaye na manhajar Teams za su yi karo, babu makawa. Ki sanar da makarantun biyu tun wuri don kada a rubuta musu giyab, wato fashin makaranta, ba su ji ba su gani ba. Ni da ni ce, zan fi ba namijin darussan lissafi da nahawu kai-tsaye, macen ta bi nata a Ain daga baya. Amma kada ya zama kullum. Ko sau ɗaya ne a ranar ki ba ta wayar, ki tsaya a kanta har sai ta buɗe makirfon ta yi wa malamarta tambaya da muryarta.

Ki sake rubuto mini bayan ya karanta miki shafin nan, ki gaya mini a layi na nawa ya fara tuntuɓe.